An Baro Kurwar Dome a Tafki

Tun ranar Alhamis Nube ta ce ita ba ta yarda da tafiyar nan ba. Ba wai ba ta son tafkunan Cajas da ke kan duwatsu a bayan garinsu Cuenca ba ne, ai a can Fausto ya fara riƙe mata hannu, lokacin da ba ta san irin mantuwar da Allah ya zuba masa ba. Damuwarta 'yarsu ce, Doménica, wadda kowa ke kira Dome. Yarinyar ba ta daɗe da cika shekara uku ba, kuma ƙirjinta ba ya shiri da sanyi. Da ta shaƙi iska mai ɗanshi sai tari, daga tari sai numfashi ya soma fito.

"Iskar kan tudu ce za ta buɗe mata ƙirjin," in ji Fausto. "In ba ki yarda ba, tambayi Mami."

Mama Zoila, uwarsa, ba ta jira an tambaye ta ba. "'Yar nan, 'ya'ya bakwai na raina a cikin sanyin nan. Wanne ne ya mutu?"

"Biyu suna da asma, Mama."

"To suna da rai ko ba su da shi?"

Nube ta bar zancen, don ba a ja-in-ja da Mama Zoila, sai dai a gaji. Sharaɗi ɗaya ta kafa: su bar bakin ruwa kafin rana ta karkata, tunda duk wanda ya tashi a Cuenca ya san da yamma gajimare yakan sauko ya kwanta a kan tafkunan. Fausto ya rantse da Budurwa Maryamu cewa kafin lokacin suna zaune suna cin kifi.

Ranar Lahadi suka bar mota a gefen titi, kusa da wata rumfar katako inda ake soya kifin tafki. Nube ta ɗauko jakar da ta kwana tana shiryawa, Fausto ya ɗaga ta ya sauke.

"Haba Nubita, ƙaura za mu yi? Yawo ne fa. Ki rage."

Ta rage. Bargo ya zauna a mota, haka ma jar suwaitar ulu da ta naɗe a leda don dawowa. Wando da safa da wata 'yar riga ta cusa a ƙaramar jakarta. Maganin shaƙa kuwa yana aljihunta, wannan ko Paparoma ne ya ce ta ajiye ba za ta ajiye ba.

Gaskiya safiyar ta yi kyau, har ita ma ta ɗan saki jiki. Hanya ta bi ta cikin doguwar ciyawa, ta ratsa kurmin bishiyoyin nan masu jan ɓawo da ke sulluɓewa kamar takarda. Dome ta cika aljihunta da ɓawon, ta gaishe da kowace lama da suka gani, dabbar nan mai gashi da dogon wuya kamar ƙaramin raƙumi, ta tambayi sunan kowane tsuntsu. Mama Zoila na gaba da malfarta da sandarta, tana tafe tana ba Fausto labarin wanda ya sayar da gonarsa da wadda mijinta ya daina aiko kuɗi daga Amurka. Suka wuce tafki na farko, Fausto ya ce na gaba ya fi kyau. Suka isa na gaba, ya ce ai ba shi yake nufi ba.

"Fausto, dubi rana."

"Bayan tudun nan ne kawai."

Tafkin da yake nufi yana da kyau, wannan Nube ba ta musa ba. Ruwa baƙi wuluk, shiru kamar cikin coci, dutse ya kifa fuskarsa a ciki. Ta juya baya ke nan tana zuba wa Mama Zoila dafaffiyar masara a kwano, sai ta ji muryar mijinta.

"Matsa baya kaɗan, 'yar Baba. Ƙara kaɗan. Yi murmushi!"

Abin da ya ɗora yarinyar a kai ba ƙasa ba ce. Irin koren gansakukan nan ne da ke tasowa kamar matashin kai, sama tauri, ƙasa ruwa zalla. Nube ta waiwayo daidai lokacin da Dome ta nutse har ƙirji. Ko ihu yarinyar ba ta yi ba, baki kawai ta buɗe. Nube ba ta san lokacin da ta isa wurin ba. Ta finciko ta, ta tuɓe ta a nan kan ciyawa, ta goge ta da ɗankwalin wuyanta, ta saka mata busasshen wando da safa da 'yar rigar, ta cire tata rigar sanyin ta naɗe ta a ciki.

"Ƙato da kai!" Mama Zoila ke nan, tana nuna ɗanta da sanda. "Mai 'ya guda ka kasa gane ƙasa da ruwa? A asibiti aka musanya mini kai, na daɗe ina zargi!"

"Mami, ai hoton ya fito..."

"Mota," in ji Nube. "Yanzu."

Ita ta goya Dome duk tsawon hanyar. Mama Zoila ba ta sauke faɗa ba har suka fita daga kurmi, ta tono laifin Fausto tun daga ranar da ya saki aladen maƙwabci. Dome kuwa ta yi tsit a baya. Ba ta gaishe da lama ba, aka miƙa mata alewa ta kau da kai. Nube tana jin ɗan jikin yana rawa a bayanta, tana kuma ganin farin hazo ya fara leƙowa ta kan duwatsu.

Da suka iso, Fausto ya buɗe mota. Nube ta zaro jar suwaitar daga leda ta ɗora a kan kujera, ta fara kwance goyo. Sai Mama Zoila ta tsaya cak, ta ƙura wa jikarta ido.

"Wa ya kira ta?"



"Na ce wa ya kira yarinyar nan kafin mu bar bakin ruwa? Fausto? Nube?" Ta dafe ƙirji. "Ya Yesu. Ni da nake kira kullum, wannan sakaran ya ɗauke mini hankali."

Nube ta san zancen, ita ma da shi aka raine ta. In yaro ya firgita a wani wuri, balle a bakin ruwa, kurwarsa takan tsaya a can. Sai an kira sunansa an ce taho mu tafi gida, sannan ta biyo. In an manta, sai a koma da rigarsa a kirawo ta a ciki. Ita Nube ba ta taɓa zama ta yanke hukunci ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba. Kira ba ya cin komai, ita ma takan yi. Amma yau ba ranar wannan ba ce.

"Mama, sanyi take ji, ga gajiya. Ki kira ta daga nan."

"Daga nan? Ke in kina kasuwa aka kira ki daga gida kina ji? Dube ta fa! Dubi idonta, ba kowa a ciki."

"Akwai kowa a ciki, Mama, sanyi yake ji."

"In ta kwana a can, tafki ba ya mayarwa. Sai ki ga yarinya tana ramewa, ba ci, ba barci."

"In ta ƙara jimawa a iskar nan, asibiti za mu kwana. Fausto, ka yi magana mana!"

Fausto ya dubi uwarsa, ya dubi matarsa, ya sosa ƙeya. "To... kowa da gaskiyarsa."

A daidai nan Dome ta buɗe baki karo na farko tun daga tafki, ta ce, "Fitsari."

Nube ta ɗauke ta ta zagaya bayan wani dutse. Duk uwar da ta taɓa tsugunar da yarinya mai rawar sanyi, naɗe cikin rigar babba, ta san abin ba ya sauri. Da suka dawo, ba Mama Zoila, ba Fausto. Can sama a kan hanya ta hango malfar tsohuwar tana shiga hazo, jan abu na reto a hannunta, Fausto na binta da gudu yana waiwaye.

"Yanzu zan dawo da ita!" ya ƙwala. "Ki shiga mota!"

Nube ta ja murfin mota. A kulle. Ta ja na baya, ta zagaya ta ja na direba. Fausto mutum ne da kan manta ranar haihuwarsa, ya manta tukunya a wuta, ya manta hularsa tana kansa, amma tunda ya sayi motar nan bai taɓa yin taku uku bai danna makulli ba. Ga bargo can a kujerar baya tana kallonsa ta gilashi.

"Fausto! Makulli!"

Hazo ya haɗiye muryar. Ta ciro waya, babu sabis ko ɗigo. Ta dubi wani dutse daidai hannu a ƙasa, ta dubi gilashin, ta yi tunanin abin sosai. Sai Dome ta yi tari, irin busasshen nan da Nube ta fi tsana, kuma yayyafi ya fara sauka.

"Oh ni Nube," ta ce, ta rungumi 'yarta ta nufi rumfar kifi.

Mai rumfar wata dattijuwa ce mai faɗin kafaɗa, ana ce mata Doña Tránsito. Kallo ɗaya ta yi musu ta janye benci zuwa bakin murhu, ta kori wasu samari biyu masu kayan kamun kifi da suka tare wutar.

"Ku matsa, ku da gemu kuna ƙwace wa jaririya wuta. Zauna nan, 'yata. Faɗawa ta yi?"

Ta cire mayafin ulun da ke kafaɗarta ta miƙo, ta zubo ruwan kirfa mai zafi a kofi. "Ban sa giya ba, ba ta ta sha." Nube ta naɗe Dome tun daga kai har ƙafa, ta riƙa murza mata tafin ƙafa, ta ɗora kunne a bayanta. Fiton ya fara, siriri. Ta ciro magani ta shaƙa mata, ta zauna tana jira ya kama. Cikin jiran ne ta zazzage wa Doña Tránsito labarin duka, tun daga hoton har makulli, don in ba ta faɗa wa wani ba za ta fashe.

Doña Tránsito ta juya kifi a kasko, ta girgiza kai. "Mijin naki dai sai addu'a."

"Na gode!"

"Amma tsohuwa ta yi daidai. Wancan tafkin ba ya wasa. Da ni ce ma da na koma."

"Da suwaitar yarinya? Ita kaɗai ce busasshiya!"

"To da me za ta kirawo ta, da takalmin mijinki?"

Samarin suka tuntsure da dariya. Nube ta dube su, suka mayar da hankali kan kofunansu.

Yayyafi ya zama ruwa. Ta ƙofar rumfa ba a ganin ko motar, sai fari fat. Numfashin Dome ya ɗan daidaita, rawar jikin ta ragu, ta lafe a ƙirjin uwarta. Sai kuma Nube ta sami kanta tana tunanin gwiwoyin Mama Zoila, da santsin hanyar kurmi, da yadda hanyoyin nan ke rikiɗewa cikin hazo har wanda ya san su ya ɓata. Wannan ya ƙara ba ta haushi. Bai isa an bar ta a waje da yarinya jiƙaƙƙiya ba, sai kuma ta zauna tana fargaba a kan waɗanda suka bar ta.

"Za su dawo," in ji Doña Tránsito ba tare da ta juyo ba. "Irin tsofaffin nan hazo ne ke tsoronsu."

An daɗe. Kifi ya soyu an cinye, an sa wani. Sannan daga can cikin farin suka jiyo murya, a shaƙe, tana matsowa.

"Taho, Dome. Taho, 'yar jikata. Kada ki tsaya. Taho mu tafi gida."

Mama Zoila ta ɓullo, malfarta na zubar da ruwa, siket ya manne mata a ƙafa. Ta riƙe suwaitar ta hannu ɗaya tana jan ta a ƙasa a hankali, kamar mai jan ɗan akuyan da ba ya son tafiya. Ba ta dubi hagu ba, ba ta dubi dama ba. Fausto na biye, jiƙe sharkaf, laka har gwiwa.

Nube ta tare shi a ƙofa, Dome a kafaɗa. "Makulli."

Ya nuna bakinsa, ya nuna uwarsa, ya kaɗa yatsa. Wato an hana shi magana har sai kurwa ta shiga jiki.

"Ban ce ka yi wa'azi ba, makulli na ce!"

Ya fara lalube, aljihun riga, aljihun wando, idonsa na ƙara girma. Nube ta cusa hannu a aljihunsa na baya ta zaro abinta.

Kafin ta juyo, Mama Zoila ta iso gabanta. Abin da ke hannunta ba ja ba ne kuma. Suwaitar ta sha laka, ta kwaso ciyawa, ruwa na ɗiga daga wuyanta. Tsohuwar ta kama bakin mayafin da aka naɗe Dome ta fara warwarewa.

"Taho, Dome, ga ki ga jikinki. Ɗaga mata hannu, 'yar nan, a saka tun ba ta sulale ba."

Nube ta ja baya. "A'a."

Tunda ta shigo gidan nan ba ta taɓa ce wa matar nan a'a kai tsaye ba. Takan ce to, sai ta yi abin da ta ga dama a ɓoye. 

"Me kika ce?"

"Na ce a'a, Mama. Yanzu na samu ƙirjinta ya lafa. Wannan abin ba zai taɓa jikinta ba."

"Wannan abin?" in ji Mama Zoila. "Da gwiwoyin nan na hau, na faɗi a kurmi, na tashi. Don wa na yi? Don kaina? Kina ganin ni ba na son ta?"

Leɓen tsohuwar ya yi shuɗi don sanyi. Nube ta dube ta, ta fasa faɗin maganar da ta tanada tun a bakin mota. Ba za ta saka wa 'yarta jiƙaƙƙen ulu ba ko za a raba auren a nan. Amma ta san in ta ƙi sam, duk tarin da Dome za ta yi daga yau har ta yi aure, za a ce ranar nan ce.

Ta nuna suwaitar. "Mama, kin ce tana cikin rigar nan?"

"Tana ciki. Na ji nauyinta tun daga bakin ruwa."

"Tun rana tana zaune a bakin tafki, ba riga. Sannan kika jawo ta cikin ruwan sama. To ita ba ta jin sanyi? Haka za ki mayar mini da ita cikin ƙirjin yarinya, a jiƙe? Ta zauna ta ji ɗumi tukuna, kamar kowa."

Mama Zoila ta saki bakin mayafin. Ta dubi suwaitar. Sannan ta juya wajen mai rumfa. "'Yar'uwa, ana yin haka?"

Doña Tránsito ta goge hannu a zaninta, ta yi nazari. "Ni dai ban taɓa jin wanda ya hana ba."

Nube ba ta bari an sake shawara ba. Ta zaunar da tsohuwar a benci, ta cire mata malfa, ta aika Fausto da makulli ya kawo bargo, ya kunna mota ya bar ta ta yi zafi, ya kuma dawo mata da makullin gida da ke maƙale a jiki don kada ya ɓatar da shi. Bargon da ta yi ta hange ta gilashi, a kan Mama Zoila ya ƙare. Matsewa dai tsohuwar ta hana, wai za a ji wa yarinya ciwo. Haka ta shimfiɗa suwaitar a kan gwiwoyinta a gaban wuta, tana juya ta, tana tsince ciyawa, tana magana ƙasa-ƙasa. "Zauna nan, Dome. Ji ɗumi. Ga mamarki nan, masifaffiya."

Tururi ya fara tashi daga ulun. Fausto, da ya ga kamar an sassauta dokar shiru, ya leƙo ta kafaɗar uwarsa.

"Mami, anya ba ita ce ke fita a tururin nan ba?"

Mama Zoila ta zabura ta dunƙule rigar a ƙirji.

"Fausto," in ji Nube, a hankali ƙwarai, "ka je ka tsaya a wajen motarka."

Ya tafi. Sai da Doña Tránsito ta rantse cewa tururi ruwa ne kawai, sannan aka sake shimfiɗa suwaitar.

Ulu ba ya bushewa da wuri. Samarin suka biya suka tafi, ruwa ya tsagaita. Sau da yawa Mama Zoila tana cewa ta bushe, Nube ta taɓa wuyan da hammatar ta ce da saura. Da ta gamsu, ita da kanta ta kakkaɓe busasshiyar lakar, ta ce, "To, Mama, saka mata." Ta zame mayafin kaɗan, tsohuwar ta zura wa Dome suwaitar a kan 'yar rigarta, da ɗuminta, tana ƙamshin hayaƙi da man kifi. Ta hura mata iska a tsakar ka, ta yi mata alamar gicciye. "Kin dawo, 'yar jikata. Kin dawo."

Dome ta buɗe ido, ta dubi gabanta, ta ɓata fuska. "Ta yi datti."

"Kin ji ko?" in ji Mama Zoila, ido ya kawo ruwa. "Ta yi magana!"

Nube ta sunkuya. Ta sake ɗora kunne a bayan yarinyar. Fiton bai tafi duka ba, amma iska na shiga tana fita. Ta mayar wa Doña Tránsito mayafinta da godiya, ta naɗe Dome a rigarta, ta miƙa wa tsohuwar hannu ta tashe ta.

"Gobe da safe likita zai duba ta. Ke ma zai duba gwiwar nan."

"Gwiwata lafiyarta ƙalau. Ranar Talata dai a kai yarinyar wajen matan kasuwa masu magani su share ta da ganye da ƙwai, a gama aiki."

"Likita tukuna."

"Sannan kasuwa."

"Sannan kasuwa, Mama. Sunkuya, ƙofar gajeriya ce."